Paul von Hindenburg: Dattijon da ya hau mulkin Jamus yana da shekaru 77, ya naɗa Hitler yana da 85

Da hantsin ranar 30 ga watan Janairun 1933, a birnin Berlin, wani dattijo mai shekaru 85 a duniya ya rantsar da wani mutum mai shekaru 43 a matsayin shugaban gwamnatin ƙasar Jamus. Dattijon shi ne shugaban ƙasa Paul von Hindenburg, tsohon marshal na soja da Jamusawa suka ɗauka tamkar uban ƙasa. Wanda aka rantsar kuwa shi ne Adolf Hitler, jagoran jam'iyyar ƴan Nazi. Watanni 18 bayan wannan rana Hindenburg ya rasu, kuma kujerarsa da duk wani iko da ke tare da ita suka koma hannun Hitler.

Tun daga wancan lokaci masana tarihi ke muhawara a kan tambaya ɗaya: tsufa ne ya ci ƙarfin dattijon har fadawansa suka juya shi yadda suke so, ko kuwa yana cikin hayyacinsa ya zaɓi abin da ya zaɓa? Hindenburg shi ne shugaban jamhuriya mafi yawan shekaru da ya taɓa zama a kan kujera a Jamus, kuma shi kaɗai ne a tarihin ƙasar talakawa suka zaɓa kai tsaye da ƙuri'unsu zuwa wannan muƙami.

Ɗan gidan soja

An haifi Paul von Hindenburg a ranar 2 ga watan Oktoban 1847 a birnin Posen na masarautar Prusiya, wanda a yau ake kira Poznan a cikin ƙasar Polan. A lokacin babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, sai masarautu da ƙananan ƙasashe masu yawa da ke magana da harshen Jamusanci. Mahaifinsa Robert hafsan soja ne daga gidan masu sarauta da filayen noma na gabashin Prusiya, mahaifiyarsa Luise kuma ƴar likita ce. A irin waɗannan gidaje, ɗa namiji yana tashi ne da abu biyu a ransa: biyayya ga sarki da aikin soja.

Yana ɗan shekaru 11 aka kai shi makarantar horar da yara sojoji ta Wahlstatt a 1859, daga baya ya ƙarasa a Berlin. A 1866 ya fito da muƙamin ƙaramin laftanan a rundunar dogaran sarki, kuma a wannan shekarar Prusiya ta shiga yaƙi da Austriya. A fafatawar Königgrätz ta ranar 3 ga watan Yuli, harsashi ya huda hular kwanonsa ya shafi kansa. Yana da shekaru 18 a lokacin.

Shekaru huɗu bayan haka ya shiga yaƙin da aka gwabza da Faransa, ya halarci fafatawar Saint-Privat da ta Sedan. A ranar 18 ga watan Janairun 1871, lokacin da aka yi shelar kafa daular Jamus a fadar Versailles ta Faransa, aka naɗa sarkin Prusiya Wilhelm na Ɗaya a matsayin sarkin sarakuna, Hindenburg yana cikin zauren a matsayin wakilin rundunarsa. Yana da shekaru 23. Wannan rana ta zauna masa a zuciya har ƙarshen rayuwarsa, domin Jamus ɗin da ya sani kuma yake so ita ce mai sarki a sama, soja a gefensa, talakawa na biyayya.

Ya yi karatu a makarantar koyon dabarun yaƙi daga 1873 zuwa 1876, ya shiga babbar hedikwatar tsara yaƙi, ya auri Gertrud von Sperling a 1879, suka raini ƴaƴa uku, mata biyu da namiji ɗaya mai suna Oskar. A 1888, shekarar da Jamusawa ke kira ta sarakuna uku, yana cikin hafsoshin da suka tsaya gadin gawar Wilhelm na Ɗaya, wanda ya rasu yana da shekaru 90. Magajinsa Friedrich na Uku ya yi kwanaki 99 kacal a kan karaga, cutar daji ta maƙogwaro ta kashe shi yana da shekaru 56, sannan ɗansa Wilhelm na Biyu ya hau yana da 29. Sai a shekarar da ta biyo baya, 1889, aka haifi Hitler a Austriya. Hindenburg ya riga ya haura shekaru 40 a lokacin.

Daga 1903 zuwa 1911 ya jagoranci runduna ta huɗu da ke Magdeburg. A 1911 ya yi ritaya yana da shekaru 63, ya koma birnin Hanover da zama. Da a nan labarinsa ya tsaya, da babu wanda zai tuna da sunansa in ban da masu binciken tsofaffin takardun soja.

Kiran da ya zo yana da shekaru 66

Yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914. Yayin da mafi yawan sojojin Jamus ke fuskantar Faransa a yamma, rundunoni biyu na Rasha suka kutsa cikin gabashin Prusiya. Kwamandan yankin, Janar Prittwitz, ya firgita har ya yi tunanin ja da baya, sai aka sauke shi. Hedikwata ta zaɓi wani hafsa mai kaifin basira amma mai zafin rai, Erich Ludendorff, ya tsara yaƙin, sai dai ana buƙatar babban janar mai natsuwa kuma ɗan gidan sarauta da zai zauna a samansa. A ranar 22 ga watan Agusta aka aika wa tsohon da ke hutawa a Hanover saƙon waya.

Daga 26 zuwa 30 ga watan Agusta, sojojin Jamus suka yi wa runduna ta biyu ta Rasha ƙawanya, suka tarwatsa ta, suka kama fursunoni kimanin 92,000. Kwamandan Rashawan, Janar Samsonov, ya harbe kansa a cikin daji. Wani ɓangare mai yawa na shirin yaƙin, hafsa Max Hoffmann ne ya tsara shi tun kafin sababbin shugabannin su iso, kuma Rashawan sun sauƙaƙa aikin da yake suna aika umarninsu ta rediyo ba tare da sirrantawa ba. Amma sunan da ya karaɗe ƙasa shi ne na Hindenburg. An laƙaba wa fafatawar sunan Tannenberg, wurin da mayaƙan Jamusawa suka sha kashi a hannun Polawa da Lituwaniyawa a 1410, domin a nuna an rama abin da ya faru shekaru 500 da suka wuce.

A watan Nuwamban 1914 aka ba shi muƙamin marshal. Hotonsa ya shiga gidaje da shaguna, aka sa wa tituna da makarantu sunansa. A 1915 aka kafa wani ƙaton gunkinsa na katako a Berlin, inda mutane ke biyan kuɗi su buga ƙusa a jikinsa domin tara gudummawar yaƙi. A ranar 29 ga watan Agustan 1916, yana da shekaru 68, ya zama babban hafsan hafsoshin Jamus, Ludendorff na mataimaka masa. Daga nan har ƙarshen yaƙin, su biyun suka fi sarki da gwamnati ƙarfin faɗa a ji. Sun matsa aka koma nutsar da jiragen ruwa ba tare da gargaɗi ba a watan Fabrairun 1917, matakin da ya taimaka wajen jawo Amurka cikin yaƙin a watan Afrilu. Sun matsa aka sauke shugaban gwamnati Bethmann Hollweg a watan Yuli.

Babban farmakin da suka ƙaddamar a yamma ranar 21 ga watan Maris na 1918 ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, bai kuma kawo nasara ba. A ƙarshen watan Satumba su da kansu suka shaida wa sarki cewa dole a nemi tsagaita wuta. An sallami Ludendorff a watan Oktoba, Hindenburg ya ci gaba da zama. A ranar 9 ga watan Nuwamba aka yi shelar saukar Wilhelm na Biyu, ya tsere zuwa Holan, inda ya rayu har 1941 ya rasu yana da shekaru 82. Farar hula ne suka jagoranci tawagar da ta sa hannu kan takardar tsagaita wuta a ranar 11 ga watan Nuwamba, kuma su ne suka sa hannu kan yarjejeniyar Versailles ta watan Yunin 1919, wadda ta taƙaita sojan Jamus zuwa mutum 100,000, ta ba Polan garin haihuwar Hindenburg, ta kuma ƙwace yankunan mulkin mallakar Jamus, ciki har da Kamaru da Togo da Faransa da Ingila suka raba.

Hindenburg ya sake yin ritaya a 1919 yana da shekaru 71, sunansa bai ɓaci ba. A ranar 18 ga watan Nuwamban wannan shekara ya bayyana gaban kwamitin bincike na majalisar dokoki, inda ya ɗora alhakin shan kashi a kan ƴan siyasa da masu juyin juya hali na cikin gida, yana mai nuna cewa daga baya aka soki sojan Jamus da wuƙa alhali ba a ci shi a fagen fama ba. Ya san ba haka abin ya faru ba, tun da shi ne ya nemi a tsagaita wuta. Wannan tatsuniya ta zama babban makamin masu adawa da sabuwar jamhuriya, kuma babu wanda ya ci moriyarta kamar ƴan Nazi.

Mutuwar matashi, hawan dattijo

Shugaban farko na jamhuriyar da aka fi sani da sunan Weimar shi ne Friedrich Ebert na jam'iyyar SPD, ɗan tela wanda ya koyi sana'ar ɗinkin sirdi. Majalisa ce ta zaɓe shi a watan Fabrairun 1919 yana da shekaru 48. Ya rasu a kan mulki ranar 28 ga watan Fabrairun 1925 yana da shekaru 54, bayan ya jinkirta zuwa asibiti a kan ciwon apandis saboda shari'ar ɓata suna da yake fama da ita.

A zagayen farko na zaɓen da ya biyo baya babu wanda ya samu rinjaye. Dokar zaɓe ta lokacin ta yarda a tsayar da sabon ɗan takara a zagaye na biyu, sai jam'iyyun masu ra'ayin riƙau suka garzaya Hanover. Hindenburg ya yi ta jan ƙafa, har sai da tsohon shugaban sojan ruwa Alfred von Tirpitz ya je ya shawo kansa. A ranar 26 ga watan Afrilun 1925 ya samu kashi 48.3 cikin 100 na ƙuri'u, Wilhelm Marx na jam'iyyar Katolika ta Zentrum ya samu 45.3, ɗan kwaminis Ernst Thälmann ya samu 6.4. Mutumin da ya yi imani da sarauta ya yi rantsuwar kare jamhuriya a ranar 12 ga watan Mayu, yana da shekaru 77, na wa'adin shekaru bakwai.

Kujerar tana da iko mai yawa. Kundin tsarin mulkin 1919 ya ba shugaban ƙasa damar naɗawa da sauke shugaban gwamnati, ya ba shi damar rusa majalisa a ƙarƙashin aya ta 25, ya kuma ba shi damar yin mulki da dokokin ta-ɓaci a ƙarƙashin aya ta 48. Shi ne kuma babban kwamandan askarawan ƙasa.

A shekaru biyar na farko ya ba masu tsoronsa mamaki. Ya bi tsarin mulki, ya amince da yarjejeniyoyin Locarno da suka sassauta zaman doya da manja da Faransa, Jamus ta shiga Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani a 1926. A 1927, da ya cika shekaru 80, manyan masu masana'antu da masu filaye suka haɗa kuɗi suka sayo masa gidan gonar kakanninsa da ke Neudeck. An rubuta gidan da sunan ɗansa Oskar domin kauce wa harajin gado. Daga nan ya riƙa yin dogon zama a can, a tsakiyar maƙwabta masu filaye waɗanda ba su taɓa ƙaunar jamhuriya ba.

Mulkin fadawa

Durƙushewar kasuwar hannayen jari ta New York a watan Oktoban 1929 ta jefa Jamus cikin mummunan hali. A watan Maris na 1930 gwamnatin haɗaka ta Hermann Müller ta wargaje a kan batun kuɗin tallafin marasa aikin yi. Ita ce gwamnati ta ƙarshe da ta dogara da rinjaye a majalisa. Hindenburg ya naɗa Heinrich Brüning, ya ba shi aron ikonsa na aya ta 48. Da majalisa ta yi watsi da dokar ta-ɓacin da aka kawo mata a watan Yuli, sai ya rusa ta. A zaɓen watan Satumban 1930 ƴan Nazi suka tashi daga kujeru 12 zuwa 107.

Alƙaluma sun nuna yadda iko ya bar majalisa ya koma fadar shugaban ƙasa. A 1930 majalisa ta zartar da dokoki 98, shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokokin ta-ɓaci 5. A 1932 majalisa ta zartar da 5, dokokin ta-ɓaci suka kai 66. Duk mai son wani abu a ƙasar sai ya nemi kunnen dattijon, kuma ƙofar shiga wurinsa tana hannun mutane ƙalilan: ɗansa Oskar da ke matsayin dogarinsa, da sakataren fadar Otto Meissner, da Janar Kurt von Schleicher, sai daga baya Franz von Papen.

Wa'adinsa zai ƙare a 1932, lokacin da marasa aikin yi suka haura miliyan shida. Brüning ya nemi majalisa ta tsawaita wa'adin ba tare da zaɓe ba, ƴan Nazi da masu ra'ayin riƙau suka ƙi. Hindenburg ya amince ya yi tazarce yana da shekaru 84, a kan wa'adin da zai ƙare a 1939 lokacin da zai kai 91. Babban abokin karawarsa shi ne Hitler, mai shekaru 42, wanda bai ma samu takardar zama ɗan ƙasar Jamus ba sai a watan Fabrairun wannan shekara. Hitler ya riƙa shiga jirgin sama yana zagaya garuruwa da dama a yini guda. Dattijon bai fita yawon kamfe ba, Brüning ne ya yi masa.

Lamarin ya juye gaba ɗaya idan aka kwatanta da 1925. Jam'iyyar SPD da ƴan Katolika, waɗanda suka yaƙe shi a wancan karo, su ne suka fito suka zaɓe shi domin tare wa Hitler hanya, yayin da da yawa daga cikin tsofaffin magoya bayansa suka koma wurin ƴan Nazi. A zagaye na biyu ranar 10 ga watan Afrilu ya samu kashi 53 cikin 100, Hitler ya samu 36.8, Thälmann ya samu 10.2. Nasarar ba ta yi masa daɗi ba, domin ƙuri'un sun fito ne daga mutanen da yake ɗauka ba nasa ba. Makonni bakwai bayan haka, a ranar 30 ga watan Mayu, ya tilasta wa Brüning yin murabus, bayan masu filaye sun kai ƙorafi kan shirin gwamnati na raba wa marasa aikin yi gonakin da bashi ya cinye.

Papen ya gaje shi ba tare da wani goyon baya a majalisa ba. A ranar 20 ga watan Yuli aka aiwatar da dokar da Hindenburg ya sa wa hannu, wadda ta tuɓe gwamnatin jihar Prusiya da SPD ke jagoranta, jiha mafi girma kuma mai rundunar ƴan sanda mafi yawa. A zaɓen 31 ga watan Yuli ƴan Nazi suka zama jam'iyya ta ɗaya da kashi 37.3 cikin 100 da kujeru 230. Hitler ya nemi shugabancin gwamnati, Hindenburg ya hana shi a ganawarsu ta ranar 13 ga watan Agusta. Marshal ɗin yana raina Hitler, wanda bai wuce muƙamin kaparal ba a yaƙin da shi ya jagoranta. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A zaɓen watan Nuwamba ƴan Nazi suka yi asarar ƙuri'u kimanin miliyan biyu, suka sauko zuwa kashi 33.1. Schleicher ya ture Papen ya karɓi gwamnati a watan Disamba. Papen, wanda ya ji zafin abin da aka yi masa, ya gana da Hitler a asirce ranar 4 ga watan Janairun 1933 a gidan wani mai banki a birnin Kolon. A ranar 22 ga watan aka sake wata ganawa a Berlin, wannan karon har da Oskar da Meissner. Shirin da aka kai wa dattijon shi ne Hitler ya zama shugaban gwamnati, Papen ya zama mataimakinsa, ƴan Nazi biyu kacal su shiga majalisar ministoci, wato Wilhelm Frick da Hermann Göring, sauran kujerun kuma su kasance a hannun masu ra'ayin riƙau da za su riƙe masa linzami. Schleicher ya yi murabus ranar 28. Kwana biyu bayan haka aka yi rantsuwar.

Sa hannun ƙarshe

Linzamin bai riƙu ba. A daren 27 ga watan Fabrairu gobara ta cinye zauren majalisar dokoki. Washegari Hindenburg ya sa hannu kan dokar ta-ɓaci da ta dakatar da ƴancin faɗar albarkacin baki, da na ƴan jarida, da na taro, ta kuma ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba. An kama dubban ƴan adawa. A ranar 21 ga watan Maris, a wani biki a birnin Potsdam, aka ɗauki hoton Hitler cikin kayan farar hula yana rusuna wa marshal ɗin da ke sanye da kakin zamanin sarakuna. Kwana biyu bayan haka majalisa ta amince, da ƙuri'u 444 a kan 94, da dokar da ta ba gwamnati ikon yin doka ba tare da ita ba. Ƴan SPD ne kaɗai suka ƙi, ƴan kwaminis kuwa an riga an kama su ko sun ɓuya. Hindenburg ya sa hannu.

Wuri ɗaya da aka san ya taka birki shi ne dokar watan Afrilun 1933 da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, inda ya nemi a keɓe waɗanda suka yi yaƙi a fagen fama da waɗanda suka rasa uba ko ɗa a yaƙin. Dokar kanta bai hana ta ba. Zuwa watan Yuli an haramta duk wata jam'iyya in ban da ta ƴan Nazi. A ranar 30 ga watan Yunin 1934 Hitler ya sa aka kashe abokan hamayyarsa na ciki da wajen jam'iyya, ciki har da Schleicher da matarsa a gidansu. An aika wa Hitler saƙon yabo da sunan shugaban ƙasa, wanda a lokacin yake kwance a Neudeck.

A ranar 1 ga watan Agusta, yana kan gadon ajali, gwamnati ta zartar da dokar haɗe kujerar shugaban ƙasa da ta shugaban gwamnati da zarar ya cika. Ya rasu washegari, 2 ga watan Agustan 1934, yana da shekaru 86, saura wata biyu ya cika 87. A wannan rana sojoji suka fara rantsuwar biyayya ga Hitler da sunansa. Shekaru biyar bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, wanda ya ci rayukan mutane fiye da miliyan 50, cikinsu har da Yahudawa miliyan shida da gwamnatin Nazi ta hallaka da gangan.

Tsufa ne ko zaɓi?

Shekaru da dama bayan yaƙin, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne na tsoho mai gajiya da mantuwa wanda fadawa suka yi wasa da shi. Gaskiya ne ƙarfinsa ya ragu sosai a shekarunsa na ƙarshe, kuma mutane ƙalilan ne ke tace abin da zai ji. Sai dai masanin tarihi Wolfram Pyta, a littafin tarihin rayuwar Hindenburg da ya wallafa a 2007, ya kafa hujjar cewa dattijon ya san abin da yake yi. A fahimtar masanin, burinsa tun 1914 shi ne ƙasa mai murya ɗaya ba tare da jayayyar jam'iyyu ba, kuma a watan Janairun 1933 ya gamsu cewa Hitler ne zai iya kawo wannan. Waɗanda ke goyon bayan wannan fahimta na nuni da cewa tatsuniyar sukar wuƙa ya baza ta yana da shekaru 72, mulki da dokokin ta-ɓaci kuma ya fara shi tun 1930.

Tarihin Jamus kansa ya nuna cewa yawan shekaru shi kaɗai bai isa bayani ba. Konrad Adenauer ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a 1949 yana da shekaru 73, ya sauka a 1963 yana da 87, ya rasu a 1967 yana da 91, kuma a hannunsa dimokuraɗiyyar ƙasar ta kafu. Hitler kuwa ya rusa ƙasar ya kashe kansa a 1945 yana da shekaru 56.

Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin 1949 ba su sa iyakar tsufa ga shugaban ƙasa ba, abin da suka rage shi ne ikon kujerar. Sun ce sai mai shekaru 40 zuwa sama zai tsaya, babban taron wakilai ne zai zaɓe shi a maimakon talakawa kai tsaye, wa'adi shekaru biyar ne da damar tazarce sau ɗaya, kuma babu wata aya irin ta 48. Theodor Heuss, shugaban farko a wannan tsari, ya hau yana da shekaru 65 ya rasu yana da 79. Heinrich Lübke ya sauka a 1969 kafin cikar wa'adinsa na biyu, lafiyarsa na raguwa, ba tare da ƙasar ta girgiza ba. Joachim Gauck ya hau a 2012 yana da 72, ya ƙi neman wa'adi na biyu saboda shekarunsa. Christian Wulff shi ne mafi ƙarancin shekaru, ya hau a 2010 yana da 51. Wanda ya fi kowa tsawon rai a cikin shugabannin ƙasar shi ne Walter Scheel, da ya rasu a 2016 yana da shekaru 97, sai Richard von Weizsäcker da ya rasu a 2015 yana da 94. A Jamus ta Gabas, Wilhelm Pieck ya rasu a kan kujera a 1960 yana da 84.

Ita ma gawar Hindenburg ba ta samu hutu da wuri ba. Hitler ya sa aka binne shi a babban dandalin tunawa da yaƙin Tannenberg ranar 7 ga watan Agustan 1934. A watan Janairun 1945, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, Jamusawa suka kwashe akwatinsa da na matarsa. Sojojin Amurka suka gano su a watan Afrilu a cikin wani ramin haƙar gishiri a Bernterode. A 1946 aka sake binne su a majami'ar Elisabeth da ke birnin Marburg, inda suke har yanzu.

Garuruwan Jamus da dama na ci gaba da muhawara kan tituna da filayen da ke ɗauke da sunansa. A 2012 birnin Münster ya cire sunansa daga babban dandalin garin, kuma mazauna birnin suka tabbatar da matakin a ƙuri'ar raba gardama. A 2020 majalisar dokokin Berlin ta soke sunansa daga jerin mutanen da birnin ya karrama da matsayin ɗan gari na musamman, karramawar da aka yi masa a 1933 rana ɗaya da Hitler.